Waiwaye Adon Tafiya: Bin Sawun Kuskure a Cikin Kwamfuta

Abu ne sananne ga duk wanda ya saba da kasuwar shanu cewa inda ɓarna ta bayyana ba safai yakan zama nan ta faro ba. Idan aka kama saniyar sata a hannun wani a kara, ba a gaggawar kiransa ɓarawo. Sai a tambaye shi wa ya sayar masa, ya nuna dillali, shi kuma dillali ya nuna wanda ya kawo ta, a yi ta komawa da baya daga hannu zuwa hannu har a iske wanda ya kwance ta daga turke. Mutanen ƙasar Zuru, waɗanda satar shanu ta addaba a 'yan shekarun nan, sun san wannan hanya sarai, sun kuma san cewa wanda aka tarar da igiya a hannunsa sau da yawa shi ma cutarsa aka yi. Wannan maƙala tana magana ne a kan irin wannan bincike, amma a cikin kwamfuta, inda abin da ake bin sawunsa kuskure ne, kuma inda sawun yakan shafe kafin ƙiftawar ido.

Manhaja dai jerin umarni ce da ɗan Adam ya rubuta wa kwamfuta, ita kuwa kwamfuta tana bin umarnin ne ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta san manufar wanda ya rubuta ba. Saboda haka idan marubuci ya yi tuntuɓen alƙalami, na'urar za ta aikata kuskurensa da irin biyayyar da take aikata daidai ɗinsa. Turawa suna kiran irin wannan kuskure ƙwaro, kuma kalmar ta girmi kwamfuta, domin Thomas Edison ya yi amfani da ita tun 1878. Sai dai labarin da ya fi shahara shi ne na ranar 9 ga Satumba, 1947, lokacin da ma'aikatan na'urar Mark II ta Jami'ar Harvard, inda Grace Hopper take aiki, suka zaro wani ɗan ƙwaro mai fiffike da ya maƙale a cikinta, suka liƙa shi a littafin aiki. Shekara biyu bayan haka Maurice Wilkes, wanda ya jagoranci ƙera na'urar EDSAC a Ingila, ya fahimci cewa kaso mai yawa na sauran rayuwarsa zai ƙare ne wajen neman kurakuran da shi da kansa ya rubuta. Har yau haka sana'ar take.

Wahalar neman kuskure ta taso ne daga ɗabi'ar kwamfuta ita kanta. Gaba kawai ta sani, tana aiwatar da biliyoyin umarni a cikin daƙiƙa guda, kuma duk lokacin da ta ajiye sabuwar lamba a wani gurbi na ma'adanarta, sai tsohuwar ta ɓace ba alama. Tamkar dai mai tafiya ne da yake share sawunsa da tsintsiya. Akwai manhajojin bincike da aka yi domin taimakon mai gyara, mafi shahararsu a tsakanin masu aiki da Linux ita ce GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. Da ita ana iya tsayar da manhaja a tsakiyar aiki, a leƙa abin da ke cikin kowane gurbi, a sake ta ta yi taku ɗaya, a sake tsayar da ita. To, amma fa idan mai bincike ya zarce wurin ɓarnar da taku ɗaya tak, ba shi da abin yi illa ya koma farko ya sake tasowa. Wani kuskuren ma ba ya maimaita kansa, yau ya fito, gobe ya ɓuya.

Tun 1969 wani masani mai suna Robert Balzer ya bayyana wata dabara da ya kira EXDAMS, wadda ke ajiye tarihin aikin manhaja domin a iya kallonsa gaba da baya. Amma sai a watan Oktoba na 2009, da fitowar GDB ta 7.0, wannan dabara ta shigo hannun kowa kyauta, bisa ƙoƙarin mutane irin su Michael Snyder da Hui Zhu. Yadda take aiki shi ne, kafin kwamfuta ta aiwatar da kowane umarni, sai GDB ta rubuta abin da ke cikin gurabun da umarnin zai taɓa. Idan aka ce ta koma baya, sai ta riƙa mayar da tsofaffin lambobin ɗaya bayan ɗaya, wato ta inda aka hau ta nan ake sauka. Wannan hanya tana da nauyi ƙwarai, shi ya sa idan ba a canza mata ƙa'ida ba, umarni 200,000 kaɗai take riƙewa, abin da bai kai ko kusa da aikin daƙiƙa ɗaya ba. A 2014 Robert O'Callahan da abokan aikinsa a Mozilla suka fito da wata manhajar mai suna rr, wadda ta bi wata hanya daban. Ita abin da ya shigo daga waje kaɗai take naɗewa, kamar abin da aka karanto daga fayil, da amsar agogo, da lokacin da aka katse aiki, domin sauran duk ana iya sake lissafa su. Komawarta baya dabara ce: takan koma wani zango da ta ajiye tun farko, ta sake tahowa gaba, ta tsaya dab da inda aka nema.

Amfanin wannan abu bai tsaya ga manyan kamfanonin Amurka ba. A Kanya, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru, akwai wani saurayi da ya karanta ilmin kwamfuta, wanda shi da wani abokinsa suka rubuta wa wata ƙungiyar manoma 'yar ƙaramar manhaja da harshen C, domin riƙe lissafin bashin taki. Akan ba da taki da damina, a biya da kaka idan dawa da masara sun shigo gida. Manhajar ta yi shekara tana aiki ba wanda ya koka. Ran nan aka taru domin karanta sunayen waɗanda suka biya, da aka zo kan wani dattijo sai aka ji takarda ta ce naira 105 ya biya, alhali kuwa shi ya san 40,000 ya ƙirga ya miƙa wa ma'aji. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya dubi ma'aji kawai. Ma'ajin ya buɗe littafinsa na hannu ya nuna 40,000, amma sai wani daga baya ya ce ai littafi mutum ke rubuta shi, kwamfuta kuwa ba ta ƙarya. Taro ya watse kowa da abin da ke ransa, kuma a gari irin wannan, inda kowa ya san gidan kowa, zargin cin amana ya fi asarar kuɗin ciwo.

Da saurayin ya duba fayil ɗin da ma'aji yake shigar da biya, sai ya tarar da 40,000 a zaune daram. Ke nan ma'aji ya fita, ɓarnar tana faruwa ne a wani wuri tsakanin karanta fayil da buga takarda. Sai dai wannan bai isa a kai wa jama'a ba, domin muddin ba a san dalili ba, ba wanda zai iya rantsuwa cewa lissafin sauran mutane daidai yake. Ya kwana biyu yana karanta sashen da ke tara kuɗi da ɗebewa, tun da can hankali ya fi karkata, bai ga aibi ko ɗaya ba. Sashen lissafin shi ne wanda aka kama da igiya a hannu.

A rana ta uku ya juya ga bin sawu da baya. Ya fara da naɗin GDB, amma bai yi nisa ba ta tsaya cik, ta ce ta gamu da umarnin da ba ta sani ba. Sai ya koma ga rr, ya naɗe aikin manhajar tun daga farko har ƙarshe, ya sake kunna naɗin, ya tsaya a daidai layin da ake buga 105. A nan ya ɗana tarko a kan gurbin kuɗin dattijon, wato ya umarci na'ura ta tsaya duk inda wani abu ya taɓa wannan gurbi, sa'an nan ya ce ta tafi da baya. Ba a jima ba tarko ya kama. Hannun ƙarshe da ya taɓa kuɗin ba shi da wata alaƙa da lissafi: sashen da ke kwafe sunan mutum ne. Da ya ƙara taku ɗaya baya, sai ga 40,000 ta dawo gurbinta.

Domin mai karatu ya gane abin da ya faru, dole a waiwayi haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma ma'adanarta a yanke take gida-gida, kowane gida ana kiransa bayit. Tsarin ASCII na 1963 ya tanadi lambobi 128 ne kawai, ya ba kowane harafin Ingilishi gida ɗaya, bai san da zaman masu lanƙwasa ba. Tsarin Unicode na 1991 ya ba su lambobinsu, amma a hanyar ajiya ta UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowane ɗayansu gida biyu yake ci. Samarin nan sun ware wa suna gida 16, goma sha biyar na haruffa, ɗaya na sifirin da ke nuna ƙarshen suna, kuma gurbin kuɗi yana maƙwabtaka da shi bango ɗaya. Sunan dattijon harafi 15 ne cif idan an haɗa da tazarar tsakani, amma biyu daga ciki masu lanƙwasa ne, don haka gida 18 yake bukata. Gida biyun da suka yi rara sai suka tsallaka katanga suka faɗa kan kuɗi. Sifiri ya shafe babban ɓangaren lambar, harafin ƙarshe na sunan, wato i, ya zauna a ƙaramin ɓangaren. Lambar i kuwa a tsarin ASCII ita ce 105. Ashe wutsiyar sunansa aka karanta wa dattijo a matsayin kuɗinsa.

Da ya gane haka sai ya bi sauran sunaye, ya sami mutum biyu masu harafi 15 da lanƙwasa ɗaya ɗaya. Su sifirin kaɗai ya tsallaka, ya ci ƙaramin ɓangaren lambar, har wanda ya biya 40,000 aka rubuta masa 39,936. Naira 64 ba ta tayar wa kowa da hankali ba, shi ya sa ba wanda ya lura. Da ba don sunan dattijon ya zo da lanƙwasa biyu ba, da kuskuren ya ci gaba da yagar 'yan kuɗi kaɗan kaɗan har illa masha Allahu.

Saura tambaya ta biyu: me ya sa bara ba a ga haka ba? Abin da ya taɓa aiki daidai sa'an nan ya lalace bayan an yi wani canji, shi masu sana'ar suke kira koma-baya, kuma shi ma da baya ake bin sawunsa, sai dai a cikin tarihin rubutun manhajar. Samarin suna ajiye kowane canji da Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, kuma a cikinta akwai dabarar raba biyu. Akan ɗauki canjin da ke tsakiya a gwada, idan yana da lafiya an san ɓarnar tana gaba, idan ba shi da ita tana baya, a sake raba rabin da ya rage. Da haka canji 1,000 gwaji 10 ya ishe shi. Nasu bai wuce 200 ba, a gwaji na 8 mai laifi ya fito. Abokin nasa ne ya yi canjin, kuma da kyakkyawar niyya. A da manhajar gidaje take ƙirgawa, don haka takan ƙi karɓar dogon suna mai lanƙwasa, ma'aji ya koma rubuta k a wurin ƙ. Abokin, wanda ba ya son ganin an mayar da Ɗanladi Danladi, ya gyara ta ta riƙa ƙirga haruffa, bai tuna da faɗaɗa wurin ajiya ba.

A nan ne aka zo gaɓar da ta fi kowace haɗari, domin wanda ya gano kuskure yakan ƙagu ya rufe shi. Gyaran da ya fara zuwa wa saurayin shi ne a datse duk sunan da ya wuce gida 15. Ya yi haka, kuɗin dattijo ya dawo 40,000. Amma samarin suna da jerin gwaje-gwaje, wato 'yan ƙananan manhajoji da ke ba babbar aiki su duba ko amsarta ta dace, kuma da ya kunna su sai ɗaya ya faɗi. Gwajin abokin ne, wanda ke shigar da dogon suna mai lanƙwasa ya duba ko ya fito yadda ya shiga. Yanzu sunan yana fitowa ba wutsiya, kuma inda almakashi ya faɗa a tsakiyar ƙ, sai rabin harafi ya fito a matsayin wata alama marar ma'ana. Garin gyaran gira ana shirin rasa ido. Hanya mafi sauƙi ita ce ya gajarta sunan da ke cikin gwajin, komai ya koma shiru, ba kuwa wanda zai sani. Bai yi haka ba. Ya faɗaɗa wurin suna, ya sa manhajar ta auna gidaje kafin ta kwafa, ta kuma yi magana idan suna ya fi ƙarfin wurin. Sa'an nan ya lura da wani abu game da gwajin abokin: duk tsawon watannin nan yana cin jarrabawa, domin sunan kaɗai yake dubawa, bai taɓa leƙa maƙwabcinsa ba. Sai ya ƙara sabon gwaji mai duba suna da kuɗi tare. A taro na gaba aka bayyana wa jama'a abin da ya faru, aka gyara lissafin mutum uku, dattijo da ma'aji suka gaisa.

Jarabar rufe bakin gwaji ba ta masu koyo kaɗai ba ce. A 2006 wani daga cikin masu kula da tsarin Debian ya cire wasu layuka daga manhajar tsaro ta OpenSSL, domin wata na'urar bincike mai suna Valgrind tana ta ƙorafi a kansu. Ƙorafi ya tsaya, amma ɗaya daga cikin layukan shi ne ke zuba yawancin abin da ke sa makullan sirri su bambanta da juna. Sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello ya gano cewa makullan da ake ƙerawa a kan wannan tsari ba su wuce iri 32,768 ba ga kowane nau'i, adadin da kwamfuta za ta gwada duka cikin ɗan lokaci. Dole aka sake makullai a ko'ina cikin duniya. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma ya faru ne a hannun mutanen da suka san aikinsu.

Ita ma manhajar bin sawu ba ta tsira daga koma-baya ba, kuma tsayawar da GDB ta yi wa saurayin Kanya misali ne. Tun da sai ta san gurabun da kowane umarni zai taɓa kafin ta iya mayar da su, duk umarnin da ba a koya mata ba yakan tsayar da ita. A 2011 kamfanin Intel ya fara sayar da ƙwaƙwalen kwamfuta masu sababbin umarni da ake kira AVX, daga baya masu kula da taskar ayyukan yau da kullum ta Linux suka riƙa amfani da su wajen kwafe rubutu domin sauri. Ba wanda ya taɓa GDB, amma naɗin da ke aiki jiya ya daina aiki yau, domin ƙasar da yake takawa ta canza, kuma an shafe shekaru masu yawa kafin a fara koya masa waɗannan umarni. Shi ya sa masu kula da GDB suke da rukuni guda na gwaje-gwaje domin tafiya da baya kaɗai, waɗanda ake kunnawa da tsarin DejaGnu, kuma al'adarsu ce mai kawo gyara ya gwada kafin canjinsa da bayansa, ya tabbatar abin da ke ci a da bai faɗi ba. Idan gwaji ya faɗi kuma, sai an zauna an tantance ko GDB ce ta lalace, ko mai fassara manhaja ne ya canza yadda yake jera layuka, ko kuwa gwajin ne tun asali aka rubuta shi bisa zato. Aiki ne marar armashi, amma mai bin sawun da idonsa ya sami matsala yana iya kai jama'a ƙofar gidan wanda bai ji ba bai gani ba.

Wannan hanyar tunani ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin Hausa. Wanda ya taɓa jera kwafi uku ko huɗu na wata tsohuwar waƙar ajami ya san cewa idan baiti ya karye a kwafin da ke hannu, ba lalle mawaƙin ne ya karya shi ba, ba kuma lalle mai kwafin ƙarshe ba. Sai an bi kwafi-kwafi da baya a ga inda ɗigo ya faɗi, ko inda wani magyari ya ga kalmar da bai sani ba ya musanya ta da wadda ya sani. Bambancin kawai shi ne mai nazarin rubutun hannu yana aiki da abin da gara ta rage masa, mai kwamfuta kuwa yanzu yana iya naɗe tafiyar tun daga farko.

Akwai kuma wani nauyi da ya rataya a wuyan wannan fanni musamman. Yawancin manhajojin da ake rubuta sunayen Hausawa a cikinsu, a makaranta da asibiti da banki, an gwada su ne da sunayen da kowane harafi gida ɗaya yake ci. Gwaji kuwa abin da aka tambaye shi kaɗai yake amsawa. Muddin ba a sami wanda ya san bambancin ƙafa da kafa, ko ɓari da bari, ya zauna tare da masu rubuta manhaja ya ba su kalmomin gwaji ba, kuskure irin wannan zai ci gaba da kwanciya har ranar da zai tashi a kan wani. Mafita mai arha ita ce a ce wa mutane su daina sa lanƙwasa, kuma da yawa sun riga sun daina. Ɗalibin Hausa da ya tattara sunaye da kalmomi ɗari masu ɓ da ɗ da ƙ da 'y, dogaye da gajeru, da manyan baƙaƙe da ƙanana, ya miƙa wa mai rubuta manhaja ya ce a gwada da waɗannan kafin a saki aiki, ya yi wa harshen hidimar da ba ta gaza ta mai rubuta ƙamus ba.